Hukuncin Ziyartar Kaburburan Sarakunan Sin da Kallon Al'adunsu na Binne Mamaci

Tambaya: Malam, ni ɗan kasuwa ne mai zuwa sari Guangzhou. Abokin huldata ɗan Sin yana so ya kai ni birnin Xi'an in ga kabarin sarkinsu na farko, sannan in raka iyalinsa makabarta ranar bikin Qingming na tunawa da matattu. Shin hakan ya halatta?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Asalin tafiya domin ganin kufan mutanen da suka shuɗe halal ne, har ma abin so ne idan da niyyar ɗaukar izina aka yi ta, saboda faɗin Allah a Suratur Rum, aya ta 42, cewa a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Wurin da za a kai ka kuwa cike yake da wa'azi. Sarkin nasu na farko, Qin Shi Huang, ya mutu a shekara ta 210 kafin haihuwar Annabi Isa, aka binne dubban sojojin yumɓu da dawakai kusa da shi domin su tsare shi a lahira, amma rundunar ta kwanta cikin ƙasa babu mai labarinta har 1974, lokacin da wasu manoma masu haƙar rijiya suka ci karo da ita.

Sai dai ka sani akwai saɓani game da mutum-mutumin. Wasu malamanmu na Malikiyya sun hana kallon sassaƙen da yake da cikakkun gaɓɓai, wasu kuma sun sauƙaƙa idan ba bauta masa ake yi ba, suna kafa hujja da abin da malaman tarihi suka kawo cewa Sa'adu bin Abi Waƙƙas ya shiga fadar Kisra, sarkin Farisa, a Mada'in alhali akwai siffofi a cikinta. Abin da na fi natsuwa da shi shi ne halacci, da sharaɗin ka shiga da zuciya mai tsoro, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci sahabbai lokacin da suka bi ta Hijir, garin Samudawa.

Batun Qingming ne ya fi buƙatar taka-tsantsan. A farkon watan Afrilu iyalai kan share kaburbura, su ajiye abinci da giya, su kunna turare, su ƙona kuɗin takarda da imanin cewa zai isa ga mamacin, sannan su rusuna. Sanin wannan al'ada da yin tambaya a kanta babu laifi, amma karɓar turaren, ko jefa takarda a wuta, ko sunkuyawa ga kabari, duk haramun ne, domin ibada ce ga wanin Allah, kuma ba a nema wa wanda ya mutu a kan shirka gafara, kamar yadda aya ta 113 a Suratut Tauba ta bayyana. Tunda mai gida yakan miƙa wa baƙo turare, kuma kunya tana iya rinjayar mutum, shawarata ita ce ka ba shi uzuri cikin ladabi, ka nemi a kai ka wata rana.

A Guangzhou za a nuna maka kabarin da ake jinginawa Sa'adu. Kada ka nemi tabarruki a wurin, domin abin da ya tabbata shi ne ya rasu a Aƙiƙ kusa da Madina, aka binne shi a Baƙi'a. Ka yi wa Musulmin da ke kwance a makabartar sallama da addu'a kawai. Wallahu a'alam.