Filin Makanikai: aksul ɗin baya na motar hot rod

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Amurka, ina haɗa irin motar nan da ake kira hot rod: bodin Ford na 1932, injin V8 mai ƙarfin doki wajen 350. Wane aksul ya dace da bayanta, Ford 9-inch ko 8.8?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kowannensu zai ɗauki wannan injin. Lambobin nan, 9 da 8.8, faɗin babbar giyar da ke cikin aksul ne a inci. Shi 9-inch, wanda Ford ya ƙera daga 1957 zuwa 1986, falalarsa ita ce tukunyar giyarsa ana kwanto ta gaba ɗaya ta gaba, a gyara a kan tebur a mayar. Shi kuwa 8.8 na Ford Explorer, daga 1995 zuwa 2001, ya fi araha a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota. Yana zuwa da birkin faranti, sandunansa masu juya tayoyi kuma masu haƙora 31 ne, sun fi masu 28 ƙwari. Aibinsa biyu: bakin da farfela (doguwar sandar da ke kawo juyi daga giyabos) ke kamawa ya karkata gefe guda, sannan wani ɗan ƙarfe ne ke riƙe sandar daga can ciki, in ta karye taya na iya neman fita. In aljihu zai iya, 9-inch muka fi so.

Amma kada ka saya sai ka auna. Ka sayi tayoyi da wili tukuna, ka tsayar da su ƙarƙashin bodi daidai inda kake son su zauna, ka bar aƙalla inci ɗaya tsakanin taya da bodi. Sai ka auna daga fuskar da wili ɗaya ke ɗauruwa zuwa ta ɗayan. Wannan shi ne faɗin da za ka nema. Na Explorer kusan inci 59.5 ne. Ka duba ramukan notin wili ma: na Explorer biyar ne a kan da'irar inci 4.5.

Tambaya: Ni kuma tawa motar, tun da na sa aksul ɗin take karkarwa da na ba ta wuta, injin kuma sai ihu a babban titi. Giyar ciki 4.11 ce, taya inci 28.

Amsa: Matsala biyu ce. Ihun daga giyar ne: 4.11 na nufin farfela na juyawa sau 4.11 kafin taya ta juya sau ɗaya. A gudun kilomita 100 a awa, da wannan tayar, injinka yana juyi kusan 3,050 a minti. Da 3.50 ce, da ya sauko wajen 2,600. Ko dai ka sauya ta, ko ka sa giyabos mai giyar sama ta ƙari, irin 700R4, wanda zai dawo da shi kusan 2,150.

Karkarwar kuwa, yawanci kwanar farfela ce. Dole layin bakin aksul ya karkata daidai yadda layin bayan giyabos ya karkata, kada ɗaya ya kalli sama ɗaya ya kalli wani wuri. Kwanar da ke kowane kuros, wato gaɓar da ke kowane ƙarshen farfela, ta tsaya tsakanin digiri 1 zuwa 3, kuma biyun su zo kusan ɗaya. In sun saɓa, farfela takan riƙa sauri tana lafawa a kowane juyi, shi ne kake ji a kujera, kuma kuros ba zai daɗe ba. Ana auna wannan ne mota na tsaye a kan tayoyinta da cikakken nauyinta, ba a rataye kan jak ba.

In kwanar daidai take, ka tuhumi walda. Wanda ya zuba wuta a kan mazaunan sifirin a zama ɗaya, zafi yakan lanƙwasa bututun aksul, ido ba zai gani ba, amma boris zai riƙa mutuwa, taya ta riƙa cinyewa ta gefe. Ana ɗan ɗiga walda ne tukuna, a sake awo, sannan a bi kaɗan-kaɗan ana sauya gefe, ana bari ya huce. Wanda ya riga ya lanƙwashe, sai an zura masa sandar saiti a miƙe shi, ko a yanke bakunan bututun a sake zaunar da su.

In ka sauya giyar, ka zuba man giya 80W-90, ka bi ta a hankali, ka juye man bayan kilomita 800.