Amsa a kan canjin fuli tun bai lalace ba

Assalamu alaikum jama'a. To ƙanina, na ji saƙonka tun safe, hannuna ne duk baƙin mai, shi ya sa sai yanzu. Ka ce motarka ta haura kilomita 600,000, za ka sa sabon fanbel, bakanike ya ce a canja duk wani fuli da ke gaban injin, wato ƙafafun nan masu juyawa da fanbel ke bi ta kansu, kai kuma ka ce babu wanda ke kuka a cikinsu, me zai sa a taɓa su. To, kai da shi kowa ya riƙe rabin gaskiya.

Ka ga, fuli ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ƙarfe ne zalla, an ɗaure shi a kan famfon ruwa ko makamancinsa. Wannan in bai lanƙwashe ba, bai tsage ba, ramukansa ba su cinye ba, a wanke shi a mayar. Canja shi asarar kuɗi ce kawai. Waɗanda nake so ka sa wa ido su ne masu wani abu a ciki da ke tsufa: mai boris, mai sifirin, da mai roba. Su waɗannan suna da kwanaki ƙidayayyu, ko sun yi kuka ko ba su yi ba.

Ɗauki ƙaramin fulin nan da ba ya juya komai, aikinsa kawai ya riƙe wa fanbel hanya. Boris ɗinsa a rufe yake, giris ɗin da aka zuba masa a kamfani shi ke nan har ya mutu, ba a ƙara masa. Yanzu yi lissafi. A ce fulin karanshaf, wato babban sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin injin, faɗinsa santimita 20, shi kuma ƙaramin santimita 8. In injin yana juyi 1,500 a minti, shi yana yin 3,750. Kullum, cikin zafi da ƙura. Ga masu wanki da ke saita masa ruwa mai ƙarfi kai tsaye, ruwan ya ratsa ya wanke giris. Don Allah a daina wannan, ina faɗa ina ƙarawa.

In an sauke fanbel, juya shi da yatsa. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa. In ya yi ta gudu fiiii kamar tayar keke, sai su ce kai, lafiyarsa ƙalau. A'a. Wannan ya bushe ne. Mai lafiya yana juyawa sumul, da ɗan nauyi, ya yi zagaye ɗaya ko biyu ya tsaya. In ka ji kamar yashi a ciki, ko ka girgiza shi ka ji yana wasa, ko ka ga baƙin giris ya feso a gefensa, ba sai an yi shawara ba.

Sai tenshina, wato fulin da ke kan hannu mai sifirin, wanda ke ɗaure fanbel kar ya yi sako-sako. Shi matsalarsa biyu, ga boris ga sifirin, ga kuma wurin da hannunsa ke lilo, shi ma yana cinyewa. In ya cinye, hannun sai ya ɗan karkace, fanbel ya riƙa hawa gefe yana cin bakinsa. Ka tayar da injin ka tsaya nesa kaɗan ka kalle shi. Ɗan motsi ba laifi ba ne, amma in yana rawa kamar mai jin sanyi, ya gaji. Kuma ka san abin haushin? Ka sa sabon fanbel a kan tsohon tenshina, bayan ɗan lokaci ya fara ƙara, sai ka ce an sayar maka da jabu. Alhali ba laifin fanbel ba ne. Shi ya sa ni a wurina, mota mai irin wannan tafiya, fanbel da tenshina da ƙananan fuli tare suke fita. Aikin kwancewa ɗaya ne, me zai sa ka biya shi sau biyu?

Af, kafin in manta. Kar ka ce fanbel ɗinka bai tsattsage ba don haka yana da saura. Na da ne ke tsagewa. Na yanzu yawanci robar EPDM ce, ba ta cika tsagewa ba, cinyewa take yi kamar taya, ramukan su yi zurfi har ya daina kama fuli da kyau. Akwai ɗan ma'auni na roba da ake sawa a ramin a gani.

In kana jin ƙara ba ka san daga ina ba, ɗan fesa ruwa a cikin fanbel injin na aiki, a hankali, ka janye hannun riga. In ƙarar ta ɗauke ta dawo, wani fuli ne ba ya kan layi. In ta ƙaru, ɗauri ne ya yi sanyi, koma kan tenshina.

Yauwa. Yanzu ga wanda ya fi damuna, wanda ko a saƙonka ba ka ambace shi ba: damfa, babban nan na bakin karanshaf. Mutane suna ɗaukarsa fuli ne kawai. Duk lokacin da silinda ta buga wuta, karanshaf yana ɗan murɗewa ya dawo, ido ba ya gani. Damfa ne ke shanye wannan murɗawar. Wani ƙarfe biyu ne da roba a tsakani. Wani kuma, musamman a manyan injinan dizal, zobe ne mai nauyi a cikin rufaffen gida, yana iyo a cikin man silikon mai kauri.

Mai roba yana nuna kansa. Robar ta tsage, ko ta kumbura ta leƙo, ko ta zube. A injinan Cummins masu irin wannan akwai layi a kan ƙarfen ciki da na waje, littafinsu ya ce in layukan suka goce fiye da milimita 1.59 a canja. In naka ba shi da layi, ja masa da fenti, ka duba bayan wasu tafiye-tafiye. Mai silikon kuwa shi ne mugu, don man yana iya daskarewa a ciki, daga waje kana ganinsa fes. Abin da za ka iya gani kawai lotsawa, kumburi ko yoyo. Vibratech, masu ƙera irinsa, sun ce a canja a mil 500,000 ko awa 15,000, wato wajen kilomita 800,000. Kai ka ce 600,000, amma duba awannin injin, don motar da ke yawan tsayuwa injin na aiki tana cika awa kafin ta cika kilomita.

Na taɓa kwance injin da karanshaf ɗinsa ya karye gida biyu. Mai motar ya rantse bai taɓa barin ta ba mai ba, kuma na yarda da shi, don metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kansu ma ba su cinye ba. Damfan ne, tun na kamfani, ba a taɓa ko kallonsa ba. Kafin nan ya yi ta fama da kusoshi suna kwancewa da fanbel yana tsalle, ana ta canja wasu abubuwan.

Wajen ɗauri kuma, ɗauki hoton yadda fanbel ya bi kafin a cire. Wasu kusoshin fuli haƙorinsu na hagu ne, wato baibai ake kwance su, in ya ƙi kwancewa kar a sa masa dogon bututu. A ɗaure da sifana mai awo yadda littafin injin ya ce, in kuma ya ce kusar damfa sau ɗaya ake amfani da ita, a sa sabuwa. Kar a buga damfa da guduma wajen shigarwa. Tsohon fanbel in da sauransa, jefa shi bayan kujera.

Ka turo min lambar injin da hoton damfan ta gaba da ta gefe, in ga ko mai roba ne ko mai silikon. Bari in je, ana kirana.