Amsa ga ɗan'uwan da ke son zuba miliyan 40 a gidan haya

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana da naira miliyan 40, an nuna maka gida mai fulat huɗu a Kano, kowanne ana hayarsa dubu 700 a shekara, kuma dillali ya ce cikin shekara shida kuɗinka za su dawo. Wallahi da na karanta sai da gabana ya faɗi, don maganar da ake gaya wa kowannenmu ke nan kafin ya shiga.

Ɗauki biro. Fulat huɗu sau dubu 700, miliyan 2 da dubu 800 ke nan, in kowa ya biya kuma babu ɗakin da ya zauna a rufe. Cire kashi 10 na wakilin da zai riƙa karɓar maka haya, dubu 280. Fulat ɗaya ya yi wata uku babu kowa, dubu 175 sun tafi. Ware kashi 15 na gyara, dubu 420. Abin da ya rage bai cika miliyan 2 ba. Raba miliyan 40 da shi, ka haura shekara 20. Ina shida ta fito? Ka tambayi dillalin ya rubuta maka lissafin a takarda, za ka ga ya koma zancen "ai wurin yana tashi". To wannan gaskiya ne, ƙasa tana tashi, kuma nan ribar take. Amma ba za ka taɓa kuɗin ba sai ranar da ka sayar. A ƙarshen 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, wane ɗan haya ne zai yarda ka ƙara masa haka a shekara guda?

Abin da ya fi ci mana rai ma ba lissafin ba ne, ɗan haya ne mai taurin bashi. Shekarar farko zai biya cif, har da fara'a. Ta biyu ya kawo rabi, ya ce a yi haƙuri zuwa bayan sallah. Daga nan waya ta daina shiga. Ka je gidan, yara su ce ba ya nan, ga motarsa a ƙofa. Ka matsa, ya turo maka liman da mai unguwa, a wayi gari kai mai gida kai ne azzalumi mara tausayin iyali. Kuma ba ka da ikon cire masa ƙofa ko kwance kwano ko yanke wuta, in ka yi shi zai kai ka ƙara, ya kuma yi nasara. Mai hayar shekara sai ka ba shi notis na wata shida in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, sannan na kwana bakwai, sannan kotu. Kuskure ɗaya a kwanan wata, lauyansa na iya jan shari'ar ta ƙara tsawo. Duk wannan lokaci yana zaune kyauta. Ranar da zai fita kuma ya bar maka famfo a karye, tayil a fashe, bango duk ƙusa, ga bashin wuta jibge a kan gidan. Allah ya isa kawai.

Saboda haka kowane fulat ka sa masa mitarsa ta kati, kada ka yarda da mita ɗaya. Yarjejeniya a rubuce wurin lauya, da tsawon notis a ciki, da mai tsaya wa ɗan hayar wanda ka san wurin aikinsa, da kuɗin ajiya na ɓarna. Ka ɗauki hoton kowane ɗaki ranar miƙa makulli. Ɗan'uwa na jini ko abokin aiki kuwa, gara ka ba shi sadaka da ka ba shi haya.

Kafin ka biya ko sisi, kai takardun gidan zuwa KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye a Kano, a bincika. In gidan gado ne, sai duk magada sun sa hannu, har mata, har wanda ke ƙasar waje. Ka je unguwar a watan Agusta bayan an sheƙa ruwa, ka duba layin da kwata, ka ɗaga kai ka ga silin ko akwai tabon yoyo. Tambayi maƙwabta yaushe aka kwashe sokawe, injin bohol ɗin sau nawa ya ƙone, don ƙarancin wuta ke kashe shi, kuma mai gida ake kira.

Kada ka ƙarar da miliyan 40 ɗin kaf a saye, ga la'ada, ga lauya, ga sauya suna. In da bashin banki za ka cika, ka haƙura, ruwan da suke ɗorawa ya ninka abin da hayar ke kawowa, ban da maganar riba a addini. Zakka kuma ba a kan ginin take ba, a kan kuɗin hayar ne in sun kai nisabi suka shekara a hannunka, amma ka ƙara tuntuɓar malamin unguwarku.