Kwalbar Sauternes da aka kawo wa Baba: ruwan inabi ne ko giya?

Tambaya: Likita, ina karatu a Bordo, a Faransa. Mahaifina ya zo duba ni daga Damagaram, yana da ciwon suga kuma yana allurar insulin. Maƙwabcinmu ya kawo masa tsarabar kwalba, an rubuta Sauternes da Château de Fargues a jikinta. Wani ɗan garinmu ya ce ruwan inabi ne zalla tunda zaƙi gare shi kamar zuma. Baba ya sha kofi guda, cikin dare ya tashi da gumi da rawar jiki. Hankalina ya tashi. Me ya sha?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Giya ya sha, mai ƙarfi kuwa. Barasar da ke cikin Sauternes tana kai kashi 13 zuwa 14 cikin 100, giyar kwalba da aka sani kuwa wajen kashi 5 ce. Laifin ba na Baba ba ne, faɗa masa aka yi ya yarda.

Château de Fargues da kika ambata tsohuwar gonar inabi ce, tana hannun zuri'ar Lur Saluces tun 1472, su ne kuma suka riƙe shahararriyar gonar Yquem fiye da shekara 200. Yankin Sauternes, inda gonar take, yana kudu maso gabas da inda kike, wajen da kogin Ciron mai sanyi ke shiga Garonne. Da kaka, hazon safe yakan sa wata fumfuna ta kama inabin, ta huda fatarsa, ruwa ya tsane, ya yamutse kamar zabibi. Masu tsinka sukan zaga gona sau da yawa, suna ɗaukar wanda ya yamutse kawai. Tsadar ke nan.

To, zancen "mai zaƙi ba ya bugarwa" ya ishe ni. Kusan kullum sai na ji shi, daga bakin masu ilimi ma. Wani ya ce fari ne ai, ja ne giya. Wani ya ce na bayan abinci ne, kamar alewa. Wa ya gaya muku? Yis yana cin sukari ne ya mayar da shi barasa, kamar yadda kunun zaƙi ke juyawa in ya kwana biyu a zafi. A yawancin giyar inabi yis yakan cinye sukarin kusan tas. A Sauternes sukarin ya yi yawa, tsimin yakan tsaya alhali sauran sukari na nan, sau da yawa fiye da giram 100 a lita. Ga barasa cikakkiya, ga zaƙin da ya rufe ɗacinta, harshe bai isa ya gane ba. Har kalmar "ruwan inabi" tana ruɗa mutanenmu, domin ana kiran matsattsen inabi da ita, ana kiran giyar ma. Shi ɗan garin naku da ya yanke hukunci da ɗanɗano, ya juya kwalbar ya karanta kuwa? Lambar tana nan a rubuce, kusa da "% vol".

Abin da ya sami Baba ya yi kama da faɗuwar suga. Zaƙin yakan ɗaga shi da farko. Daga baya hanta ta shagala da barasa, ta rage sakin sukarin da take saki cikin dare, insulin kuwa yana ta aikinsa. Wannan kan faru sa'o'i bayan sha, mutum na barci.

Ki yawaita auna shi yau da gobe. In ya sauka ƙasa da 0,70 a ma'aunin g/L, wato 70 a ma'aunin mg/dL, kuma yana cikin hayyacinsa, ki ba shi ƙwayar sukari uku, ki sake aunawa bayan minti 15. In ya rikice ko ya suma, kada ki ɗura masa komai a baki, ki kira 15, lambar agajin gaggawa ta likitoci a Faransa, nan take. Kada ya tsayar da allurarsa da kansa, ki kai shi likita ya gani, ki tafi da kwalbar.