Filin Tambaya da Amsa: Wace Jami'a Za Mu Zaɓa wa Mai Son Karatun Injiniya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Daura, kuma ɗana na fari, mai shekara 17, yana ajin ƙarshe na sakandare a ɓangaren kimiyya. Burinsa shi ne ya zama injiniyan injuna, kuma ya kafe a kan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ni da mahaifiyarsa mun fi son ya shiga Jami'ar Sufuri da ke nan Daura, ya riƙa kwana a gida idonmu na kansa, ɗawainiya kuma ta ragu. Baffansa kuwa ya ce a huta da wahalar JAMB da yajin aiki, a kai shi Kwatano inda ake gamawa da wuri. Lokacin rajista ya matso, ni kuma ban yi zurfi a karatun boko ba. Yaya za mu zaɓa ba tare da mun cuci yaron ba?

Daga wani uba, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya raya maka shi, ya sa masa albarka. Zan fara da shawarar baffansa, domin ita ce wadda nake so a jingine tun yanzu. A watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri na Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya yi shigar burtu ya samo digiri a Kwatano cikin kimanin mako shida. Ko da babu wannan, digirin injiniya a Najeriya shekara biyar ne, kuma ba a banza aka yi shi haka ba, domin akwai watannin da ɗalibi zai kwashe yana aiki da hannunsa a ɗakin injuna da kuma masana'anta. Duk inda aka ce maka yaro zai gama da wuri, daga waɗannan watanni aka yanko saurin.

Abin da nake so ka riƙe, ya fi sunan kowace jami'a muhimmanci, shi ne cewa ba jami'a ake tantancewa dunƙule ba, kowane kwas ana duba shi ne daban. Jami'a tana iya yin suna a fannin shari'a ko likitanci, alhali sashenta na injiniyan injuna bai cika ƙa'ida ba. Hukumomi biyu ne ke da ta cewa a nan. Ta farko ita ce Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, wadda ke ba kwas cikakkiyar amincewa ta shekara biyar, ko ta wucin gadi ta shekara biyu, ko kuma ta hana shi gaba ɗaya. Ta biyu ita ce COREN, majalisar da aka kafa da doka a 1970 domin kula da aikin injiniya a ƙasar nan, kuma ita ce ke yi wa mutum rajista kafin doka ta yarda ya kira kansa injiniya, ya sa hannu da hatimi a kan zanen gada ko na masana'anta. Iyaye da yawa sun san NUC, amma ba su taɓa jin sunan COREN ba, sai bayan yaro ya gama bautar ƙasa, ya yi shekarun aikinsa, ya je neman rajista, sannan maganar kwas ɗin da ya karanta ta taso. Hukumomin biyu suna wallafa jerin kwasa-kwasan da suka amince da su a shafukansu na intanet. Ka sa yaron ya buɗe maka su a wayarsa, ku nemi sunan jami'ar, sannan ku nemi sunan kwas ɗin a ƙarƙashinta, ku kuma dubi shekarar da amincewar za ta ƙare. Wannan aikin yamma ɗaya ne, kuma shi ne mafi amfani cikin duk abin da za ku yi.

Sai batun Zariya da Daura, wanda shi ne ainihin abin da ke tsakaninka da ɗanka. Jami'ar Ahmadu Bello an kafa ta a 1962, kuma tsangayarta ta injiniya da ke Samaru tana cikin mafiya daɗewa a Najeriya. Amfanin tsohuwar tsangaya ba a gine-gine kaɗai yake ba. Akwai malamai masu matsayin farfesa a kowane sashe, akwai ma'aikatan ɗakin gwaji da suka goge, akwai kuma tsofaffin ɗalibai da suka bazu a ma'aikatun ayyuka da kamfanonin lantarki da na man fetur, waɗanda sukan buɗe wa na bayansu ƙofa idan lokacin neman wurin koyon aiki ya zo. Abin da ke kan ɗaya hannun shi ne cunkoso: masu nema suna da yawa ƙwarai, gurabe kuwa ƙayyadaddu ne.

Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke Daura kuwa sabuwa ce. An aza harsashinta a watan Disambar 2019, kamfanin CCECC na ƙasar Sin ne ya gina ta, kuma an kafa ta ne musamman domin samar da ƙwararru a harkar sufuri, layin dogo a kan gaba. Wannan ba ƙaramar dama ba ce ga yaran yankinmu, idan aka tuna cewa layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya aka tsara zai bi, kuma bayan an gama shimfiɗa shi zai buƙaci masu kula da shi shekara da shekaru. Sai dai ka sani cewa kowane sabon kwas yana farawa ne da izinin NUC bayan ta duba malamai da kayan aiki, cikakkiyar tantancewa kuma tana zuwa ne daga baya, idan ɗalibai sun yi nisa a karatu. Haka kowace sabuwar jami'a take farawa, ba aibi ba ne, amma hakkinka ne ka shiga ofishin shugaban sashe ka tambaya a wane mataki kwas ɗin yake a wurin NUC, kuma a wane mataki yake a wurin COREN. Tunda a garinku take, babu abin da zai hana ka.

Ina ba ka shawara ku je wuraren biyu tare da yaron, domin gani ya kori ji. Kada ku tsaya a bakin ƙofa ko ofishin rajista. Ku nemi a nuna muku ɗakin koyon aiki da injuna, ku ga ko injin gyaran ƙarfe da na walda suna aiki ko an lulluɓe su, ku tambaya da me ake kunna su idan babu wuta. Sannan ku samu ɗalibi ɗan aji huɗu, ku tambaye shi mutum nawa ke taruwa a kan inji ɗaya ranar gwaji, da kuma inda ya yi koyon sanin makamar aiki na wata shida da ake kira SIWES. Abin da ɗalibin nan zai faɗa muku cikin minti goma ba za ku same shi a takardar talla ba.

Akwai kuma hanya ta tsakiya da ba ka ambata ba, wato Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ita ma tana da tsangayar injiniya mai daɗaɗɗen tarihi. Daga Daura ta Kazaure ana zuwa Kano a dawo a yini ɗaya, ga kuma masana'antun Bompai da Sharaɗa da Chalawa inda ɗalibi zai nemi wurin koyon aiki. Idan damuwar mahaifiyarsa nisa ce da halin da hanyoyi suke ciki, damuwa ce mai tushe, kuma Kano tana rage ta ƙwarai.

Game da JAMB, darussan mai neman injiniya huɗu ne: Turanci da Lissafi da Fiziks da Kemistiri, jimlar maki 400. A WAEC ko NECO kuma ana buƙatar kiredit biyar da suka haɗa da waɗannan huɗun. Kada makin da JAMB ke sanarwa na ƙasa baki ɗaya ya ruɗe ku. A 2025 maki 150 ne mafi ƙaranci na shiga jami'a, amma wannan ƙofar waje ce kawai, sashen injiniya a manyan jami'o'i yana yanke nasa makin sama da haka nesa ba kusa ba, kuma ana haɗawa da sakamakon tantancewar da jami'ar ke yi da kanta. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, Katsina tana cikinsu. Wannan yana taimakon ɗanka, amma ba ya maye gurbin maki. Sannan manyan jami'o'i galibi waɗanda suka sa su a zaɓin farko kaɗai suke dubawa, saboda haka kada ku bar mai buga rajista a cibiya ya cike muku gurbin da abin da ya ga dama saboda layi ya yi tsawo.

Ga ra'ayina a fili. Ka ɗauko sakamakon yaron na Lissafi da Fiziks tun daga ajin farko na babbar sakandare, ka kuma je ka gana da malaminsa na Lissafi, ka roƙe shi ya faɗa maka gaskiya. Son kwance rediyo da gyaran babur alama ce mai kyau, amma shekaru biyun farko na karatun injiniya lissafi ne ya fi yawa a cikinsu, kuma a nan ne mafi yawan waɗanda ke faɗuwa suke faɗuwa. Idan malamin ya ce yaron yana cikin na gaba, ka bar shi ya sa Zariya ko Kano a zaɓin farko, domin shi zai zauna da karatun nan shekara biyar, kuma wanda aka tilasta wa wurin da ba ya so ba kasafai yake ba da dukkan ƙoƙarinsa ba. Idan sakamako ya fito makin bai kai ba, JAMB tana ba da damar canza jami'a ko kwas bayan biyan ɗan kuɗi, sai ku sake lissafi da makin da ke hannu. Idan kuwa kun ziyarci Jami'ar Sufuri yaron ya ga abin da ya kwanta masa, ya zaɓe ta da kansa, to alhamdu lillahi, an samu abin da kowa ke so.

Yajin aikin da baffansa ya ambata gaskiya ne, na 2022 ya kai wata takwas, kuma ya kamata ka sa yiwuwar irinsa cikin lissafinka a duk jami'ar gwamnati. Ta fuskar kuɗi, ka ƙirga har da masauki da abinci da kwamfutar tafi da gidanka, wadda ɗalibin injiniya ba ya iya yi sai da ita saboda zane da lissafi. Tun 2024 akwai asusun NELFUND da ke ba ɗaliban makarantun gwamnati rance marar ruwa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ga kuma hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Katsina. Allah ya yi muku zaɓi mafi alheri.

TAMBAYA: 'Yata ta nemi injiniyan lantarki, makinta bai kai ba, sai jami'ar ta ba ta gurbi a Fiziks. An ce mana ta karɓa, in ta shiga aji biyu sai ta canza. 'Yan uwa kuma suna cewa ai dama injiniya ba aikin mata ba ne. Mene ne shawararku?

Daga wata uwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Hajiya, kada ku gina shiri a kan maganar canza kwas. Ana yin hakan, amma sai ɗalibi ya samu sakamako mai ƙarfi a aji ɗaya, sai kuma sashen da yake son komawa yana da gurbi, kuma sassan injiniya su ne suka fi ƙarancin gurbi. Tambayar da za ki yi mata ita ce ko za ta yarda ta gama da digirin Fiziks idan canjin bai yiwu ba. Idan ta ce za ta yarda, ta karɓi gurbin a shafin JAMB na CAPS, karatu ne mai daraja. Idan kuwa zuciyarta na kan lantarki, ta sani cewa digirin Fiziks ba ya kai mutum kai tsaye ga rajistar injiniya, kuma tana da hanyoyi da suka fi jiran sa'a.

Tana iya sake rubuta JAMB baɗi bayan ta gyara inda ta yi rauni. Tana iya yin IJMB, shirin share fage da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da jarrabawarsa, wanda ke kai mai sakamako mai kyau aji biyu kai tsaye. Tana kuma iya yin difiloma ta ƙasa ta shekara biyu a fannin lantarki a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke nan Katsina, tana gida a gabanki, idan ta fita da sakamako mai kyau sai ta nemi shiga jami'a kai tsaye a aji biyu. Wannan hanya ta fi tsawo da kamar shekara ɗaya, amma masu bin ta sukan iso jami'a hannunsu ya riga ya saba da waya da mita, abin da takwarorinsu ke fara koyo a lokacin.

Maganar 'yan uwa kuwa ba ta da tushe. Aikin injiniyan lantarki ba hawa turken wuta ba ne kaɗai, mafi yawansa zane ne da lissafi da gwaji da kula da na'urori, a asibitoci da kamfanonin sadarwa da harkar wutar sola da ke ta yaɗuwa a garuruwanmu. Ƙungiyar Injiniyoyi ta Najeriya, wadda aka kafa a 1958, ta rantsar da mace ta farko a matsayin shugabarta a 2024, Injiniya Margaret Oguntala. Ki nemi wata injiniya mace a ma'aikatar ayyuka ko ta ruwa a nan Katsina, ki kai 'yarki su zauna su yi magana kafin wa'adin karɓar gurbin ya cika.