Amsoshin Tambayoyinku: Karatun Horar da Ma'aikata a Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina aiki a sashen kula da ma'aikata na wata masana'anta a Kano, kuma yanzu ni aka ɗora wa shirya bita da kwasa-kwasai. Ina son yin digiri na biyu a kan wannan harka. Wasu sun ce in yi MBA, wato digiri na biyu a harkokin kasuwanci da gudanarwa, wasu sun ce in shiga Ilimin Manya. Wanne zan ɗauka? Kuɗin nawa ne, ba na kamfani ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Da wuya ki tarar da digiri mai sunan "horar da ma'aikata" kai tsaye a jami'o'inmu. Fannin a warwatse yake: wani ɓangare yana tsangayar ilimi, wani yana sashen harkokin kasuwanci da gudanarwa. Jami'ar Bayero tana da sashen Ilimin Manya, haka Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Mutane da yawa suna jin sunan sai hankalinsu ya tafi ga yaƙi da jahilci, alhali a nan ake nazarin yadda babban mutum yake koyo. Magidanci mai shekara arba'in da biyar, wanda ya daɗe yana riƙe da inji, ba ya zama a yi masa lacca kamar ɗalibin sakandare. Yana son ya san amfanin abin yau ɗin nan, yana kuma son a girmama abin da ya riga ya sani.

MBA kuwa zai ba ki lissafin kuɗi, kasafi, da harshen da manajoji suke ji. Sai dai horar da ma'aikata a cikinsa sau da yawa darasi ɗaya ne ko biyu. In burinki ki zama shugabar sashe gaba ɗaya, MBA ya fi buɗe ƙofa. In kuwa horarwar ce kike so ta zama sana'arki, na fi karkata ga Ilimin Manya ko digirin kula da ma'aikata.

Kafin ki biya kuɗin fom, je sashen da ƙafarki ki nemi jerin darussa. Abu biyu za ki duba. Na farko, ko ana koyar da yadda ake gano ainihin buƙatar horo. Ɗauki misali: buhuna suna yawan fitowa da ɓarakar ɗinki, manaja ya ce a kai masu ɗinki bita. Wadda ta yi karatun za ta fara shiga ɗakin aiki lokacin da masu safe suke miƙa wa masu yamma. Mai yiwuwa ta ga cewa kowa ya iya aikinsa, matsalar ita ce mai tashi ba ya faɗa wa mai shigowa cewa ya sauya saitin inji. Wannan ba ya buƙatar otal da jakar bita, takarda ɗaya a jikin inji da minti goma na magana sun isa. Na biyu, ko ana koyar da auna sakamako. Akwai sanannen tsari na Donald Kirkpatrick tun 1959 mai matakai huɗu: ko mahalarta sun ji daɗin horon, ko sun koyi wani abu, ko aikinsu ya sauya bayan sun koma, da kuma ko ma'aikatar ta ga riba. Yawancin bitocinmu a mataki na farko suke tsayawa, a cike fom a ce abinci ya yi daɗi, a karɓi alawus a watse. Abin yana damuna ƙwarai, domin kuɗi ne masu yawa suke tafiya, ma'aikacin kuma ya koma yadda yake.

Wani abu da zai ɗaga darajarki a wurin aiki tun kafin ki gama: ki san dokar Asusun Horar da Ma'aikata, wato ITF, wanda aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos. Kamfanonin da dokar ta shafa suna zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin shekara, kuma wanda ya horar da ma'aikatansa bisa ƙa'ida yana iya neman a mayar masa da wani kaso. Ki yi kundin bincikenki a kan masana'antarku, da izininsu.

Tambaya: Babbar difloma gare ni. Na ga talla a Facebook cewa wata cibiya ta ƙasar waje za ta ba ni shaidar ƙwararren mai horarwa cikin kwana uku ta intanet. Kuɗin ya kusa albashina na wata biyu. In biya?

Amsa: Kada ka biya, ɗan'uwa. Kwana uku suna iya ba ka dabara ɗaya ko biyu, amma ba sa mayar da mutum ƙwararre, kuma masu ɗaukar aiki sun san irin waɗannan takardu. In kana son shaidar da ake ganin girmanta a Najeriya, duba CIPM, cibiyar ƙwararrun masu kula da ma'aikata, wadda ta fara a 1968 ta kuma samu amincewar doka a 1992. Jarrabawarta mataki-mataki ce, kana biya kana tafiya. Akwai kuma NITAD, cibiyar masu horar da ma'aikata ta Najeriya, da ta keɓanta da horarwa. In jami'a kake hange, mai babbar difloma yakan fara da PGD, wato difloma ta gaba da digirin farko, kafin digiri na biyu, don haka kuɗin nan ya fi amfani a can. Ko'ina za ka shiga, tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da jami'ar da kuma kwas ɗin. Mai tallan da ya ce rangwame zai ƙare yau da daddare, so yake kada ka samu lokacin bincike.

Tambaya: Ni ma'aikacin gwamnatin jiha ne, ina da iyali. In nemi hutun ƙaro ilimi, ko in yi karatu daga gida a NOUN, Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa?

Amsa: Malam, ga wannan fanni musamman, karatu kana kan aiki yana da fa'ida, domin abin da ka karanta ranar Asabar za ka gwada shi ranar Litinin a ofis. NOUN tana da cibiyoyin karatu a jihohi, Jami'ar Ahmadu Bello ma tana da sashen karatu daga nesa. Sai ka sa kuɗin data da kwamfuta a lissafi, ka kuma tambayi kanka ko za ka iya zama da littafi bayan sallar isha'i ba mai tsaye a kanka. Hutu da albashi ya fi ba da natsuwa, amma yawanci yana zuwa da yarjejeniyar dawowa ka yi musu aiki na wasu shekaru, don haka karanta ta da kyau kafin ka sa hannu. Duk wanda ka zaɓa, rubuta takardar neman izini ta hannun shugaban sashenka, ka karɓi amincewa a rubuce kafin ka yi rajista. In babu ita, ana iya ƙin sa shaidar a fayil ɗinka ranar da za a zauna batun ƙarin girma.