Na Samu Gurbin Mastas, Amma Gabana Sai Faɗuwa Yake

Assalamu alaikum Anti. Na samu gurbin karatun digiri na biyu, za mu fara zango mai zuwa. Kowa sai taya ni murna yake, ni kuwa tun da sunana ya fito barci ya ƙaurace mini. Rabona da aji an daɗe, ga aiki ina yi, kuma gani nake duk waɗanda zan zauna da su sun fi ni ƙwaƙwalwa. Wata ƙawata ta ce malamin da ke duba bincikenta ya riƙe mata babi guda wata da watanni, har ta fara tunanin ajiye karatun. Don Allah me zan tarar a can? Ko in haƙura tun da wuri?

Ɗiyarki mai fargaba

Wa alaikumus salam ɗiyata, barka da arziki. Maganar haƙura ki ajiye ta gefe.

Wannan jin cewa kowa ya fi ki tsohon ciwo ne. Tun 1978 wasu masana halayyar ɗan Adam biyu, Pauline Clance da Suzanne Imes, suka yi rubutu a kansa, kuma waɗanda suka nazarta mata ne da suka yi fice a karatu da aiki, amma kowacce gani take sa'a ce kawai ta kai ta. Ranar farko ki dubi mai yawan ɗaga hannu a aji, ba mamaki shi ma cikinsa ya ɗuri ruwa.

Zangon farko ba zai zame miki baƙo sosai ba: lacca, aikin gida, jarrabawa. Sai dai ajin ƙarami ne, babu wurin ɓuya, kuma malami zai ba ku tarin maƙalu ya ce ku zo ku yi muhawara a kansu. Kar ki ce sai kin karance kowacce daga farko har ƙarshe. Fara da taƙaitawar da ke sama, ki tsallaka zuwa kammalawa, in ta shafe ki sannan ki koma ki ga yadda aka tattara bayanan. Kowacce kika karanta, ki rubuta sunan marubuci da shekara da abin da ya ce, ko ki zuba su a Zotero, manhajar adana bayanan maƙalu, kyauta ce. Wanda ya taɓa kwana yana neman inda ya tsinci wata jimla ya san amfanin haka. Kwas ɗin dabarun bincike kuma, wanda ɗalibai suka fi rainawa, shi za ki fi buƙata nan gaba.

Inda gizo ke saƙar shi ne bayan an gama kwasa-kwasan. Jadawalin lacca ya ƙare, babu mai kiran suna, babu mai tambayar ina kika kwana, sai ke da kundin bincikenki. A nan mutane suke maƙalewa, galibi saboda sun ɗauko batu mai faɗi. “Matsalolin ilimin mata” ba zai rubutu ba ko shekara goma aka ba ki. “Me ya sa ɗalibai mata ke barin makaranta a aji kaza, a makarantu uku” kuwa, wannan tambaya ce da za ki iya amsawa, ki tsaya gaban kwamiti ki kare ta.

Labarin ƙawarki yana faruwa, ba zan ɓoye miki ba. Amma na ga ɗaliban da ke ɓacewa rabin shekara, sannan su dawo da babi uku suna so a duba cikin mako guda, alhali malamin yana koyarwa, ga wasu ɗaliban a hannunsa. A zamanki na farko da malamin da zai duba bincikenki, ki tambaye shi sau nawa za ku riƙa haɗuwa, kuma ta wace hanya yake son a turo aiki. Bayan kowane zama ki aika masa gajeren imel: “Malam, ga abin da na fahimta mun tsayar, zan turo gyaran ranar kaza.” Shafi biyar a kan lokaci ya fi babi cikakke da ba a san ranar zuwansa ba. Idan ya dawo miki da takarda ta sha jan biro, ki gode, alamar ya karanta ke nan. In kuwa shirun ya yi yawa bayan kin tuntuɓa da ladabi, galibi sashe yana da malamin da ke kula da ɗaliban gaba da digiri, shi za ki fara gani kafin shugaban sashe.

Kwafar maganar wani ba tare da ambatonsa ba kuma, kar ki soma. Jami'o'i da yawa suna bi ta kan kundi da manhajar gano kwafe irin su Turnitin, kuma hukuncin yana iya kaiwa ga kora.

Kafin a buɗe, ki nemi littafin dokokin makarantar ku ki duba mafi tsawon lokacin da aka yarda ɗalibi ya yi, da abin da ake yi idan ana son ɗage zango. Ki kuma zauna da shugabanki na wurin aiki ku tsayar da ranakun da za ki riƙa fita, tun kafin jadawali ya fito ya ci karo da naku.

Anti